Garin Katako a Ɗaki na Huɗu

Gwaggona ta yi shekara ashirin da shida tana shara da goge-goge a gidan tarihin birninmu. Uwar Tsumma ma'aikatan wurin suke ce mata, don ba a ganinta sai da ƙyalle a kafaɗa. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san tukunyar da ba ta son ruwa da takobin da ke saurin tsatsa. Ranar da aka ba wani kamfani kwangilar shara, a bakin get aka miƙa mata takardar sallama da agogon bango, wanda ko wata uku bai yi ba ya tsaya. Ta ce ta bar taka wurin har abada, ciwon gwiwa kuma ya taya ta cika alkawari.

Bayan shekara biyar, wata Asabar da hantsi na kai mata magani, na ce bari in faranta mata. Na buɗe kwamfutata a teburin falo, na nuna mata yanzu mutum na iya zaga gidan tarihin yana zaune a gida. Ta ce ba ta so. Can kuma sai ta jawo kujera, ta saka tabarau.

Ko zane ɗaya ba ta kalla ba. Kusurwoyi take sa ni in matso mata da su, da ƙarƙashin akwatunan gilashi. Ta ga sawun yatsu, ta ja tsaki. Ta ga an rataye wata tsohuwar riga inda rana ke dukanta, ta ce wanda ya yi haka ko rumfar gwanjo bai kamata a ba shi jira ba. Ni dai dariya nake ta yi, har muka shiga ɗaki na huɗu, inda wata ƙatuwar ƙofar katako mai sassaƙa take, wadda a da ita ke shafa wa mai sau biyu a shekara.

"Tsaya nan, ɗiyata. Ƙara mini girman ƙasan."

Wata 'yar ƙura ce ja-ja, tsibi uku. Na ce ai datti ne. Ta harare ni, ta ce garin katako ne, ƙwaro ke cin ƙofar ta ciki.

Ran Litinin ta sa na kira lambar da ke shafin gidan tarihin, na ba ta wayar. Mutum uku suka yi ta jefa ta wa juna, na huɗun ya ce mata ta kwantar da hankalinta, hotunan sun yi wata goma da ɗauka, tabbas an share ƙurar tuntuni. Ta miƙo mini wayar.

"Kin ji sakarai? Ina ce masa ana cinye ƙofa, yana ce mini an share shaida."

Washegari muka ari keken guragu a wurin maƙwabta, na tura ta har ɗaki na huɗu. Babu ƙofa. Igiya ce kawai da wani kati mai cewa an ɗauke ta don gyara. Wani tsohon mai gadi, abokin aikinta na da, ya sunkuyo ya raɗa mata cewa rabin ƙasan ya marmashe a hannunsu ranar da suka zo gusar da ita, ragowar na sito an naɗe a tamfol. Gwaggo ta ce in kai ta ofishin shugaba. Awa biyu muka yi a benci. Da aka shigar da mu ba ta ko tsaya gaisuwa ba, ta zayyana masa abubuwa tara da ta hango daga falonta. Ya yi ta gyaɗa kai yana satar kallon wayarsa.

Tun daga nan ta tilasta mini koya mata kwamfutar. Kowane mako sai ta zaga ɗakunan, ta faɗi ɓarnar da ta gani ina rubutawa, mu aika wa gidan tarihin. Babban ɗanta ya yi faɗa saboda hawan jininta, ta ce shirun ne zai kashe ta. Wasiƙa goma sha ɗaya muka aika kafin amsa guda ta zo, an soma ta da "Zuwa ga Farfesa", ana gode wa zurfin bincikenta.

Ta sa na karanta mata sau biyu. Sannan ta karɓi biro, ta soke kalmar da ƙarfi har takardar ta huje, ta rubuta "mai shara" a sama, ta ce in mayar musu da abinsu.