Faifai Biyu a Ofishinmu na Yelwa

Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin ofishin kula da kamun kifi a Yelwa, kwamfuta ɗaya tak gare mu. Cikinta ake zuba duk abin da ma'aikatanmu suka rubuto daga bakin ruwa, tun daga Warra har Shanga: irin kifin da aka kamo, nauyinsa, da ragar da ta kamo shi. Mai buga aikin wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Hajiya. Ni kuwa, don na taɓa yin kwas na wata uku a Sakkwato, sai aka ɗauke ni masani.

Wanda ya haɗa mana kwamfutar ya sa mata faifan ajiya biyu. Ya ce duk abin da aka rubuta a ɗaya, manhaja za ta kwafe shi a ɗayan nan take. Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata shekara da damina kwamfutar ta fara sanƙarewa tsakiyar aiki. Na ɗauko sidin manhaja da mai haɗa ta ya bar mana, na sake ɗora mata babbar manhajar, na yi taka-tsantsan ban taɓa ɓangaren da bayanai suke ba. Da na gama na kunna, sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci.

"Malam, mi ta ce?" in ji Hajiya.

"Wai ba ta ga inda za ta tashi ba."

"Ba yanzu ka ba ta ba?"

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na maimaita aikin sau biyu, amsa ɗaya. Maimakon tsoro, sai son sani ya kama ni. Washegari na zo da sukurudireba na kwance murfin. Ga faifan nan biyu iri ɗaya sak, ɗaya bisa ɗaya. Hajiya ta ja kujera ta leƙa, ta ce shekara uku tana gaban abin nan ba ta taɓa ganin cikinsa ba.

"To in an kunna ta, wane take fara dubawa?"

Ban sani ba. Ban ma taɓa tunanin akwai na farko ba. Ta yago takarda mai manne, muka rubuta wa ɗaya "sama", ɗaya "ƙasa". Na cire wayar na sama, na kunna. Sai ga ta ta tashi garau! Ashe ɗan abin da ke tayar da ita a faifan ƙasa kaɗai na rubuta shi, ita kuwa na sama take nema.

Na miƙa hannu zan mayar da wayar in ba su umarnin su daidaita, Hajiya ta riƙe mini hannun riga.

"Tsaya. In sun daidaita, wane ke kwafar wane? Buɗe min su ɗaya-ɗaya in gani."

Na ƙasa yana da komai har aikin makon da ya wuce. Na cire wayarsa, na mayar da ta na sama, na tashi kwamfutar da sidin muka duba shi. Hajiya ta bi layukan da yatsa, ta tsaya.

"Wanga kamun rani ne. Dubi, babu ko ɗaya na damina."

Wata biyar ke nan faifan sama ya daina karɓar kwafi, ba wanda ya sani. Da na bar su sun daidaita ta baibai, da tsohon ya hau kan sabon.

Ashe wayar faifan sama ce ta saki tuntuni, bakinta ya yi tsatsa saboda danshin tafkin da ke kusa da mu. Sai da direbanmu ya je Kontagora aka samo wata. Na goge na sama tas, na sa na ƙasa ya kwafa masa, sannan na rubuta abin tayarwar a duka biyun. Kwafin ya ci tun daga hantsi har bayan la'asar, janareto na ta ruri. Da ya kammala, Hajiya ta sa na cire kowanne bi da bi na kunna a gabanta, sannan ta yarda na ɗaure murfin.