Mai Sauraren Tanki

Shekara ashirin da biyu babanmu ya yi a gaban tanki ɗaya a masana'antar fenti. Aikinsa haɗa mai da ruwa, waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wani sandan ƙarfe ake zurawa cikin tankin, yana karkarwa sau dubu ashirin a daƙiƙa, da sautin da ya wuce jin ɗan Adam. Girgizar ce ke tayar da ƙananan kumfa su yi ta fashewa har man ya bi jikin ruwan. Shi sautin ba a jin sa, amma kumfar tana da wata ƙara mai tsini da ke shiga har haƙori.

An ba shi abin toshe kunne, an kuma ba shi agogon da ke nuna haɗi ya yi. Shi kuwa ya ce agogo bai san fenti ba. In haɗi ya kusa, ƙarar kumfar takan sauka ta yi laushi, kuma wai kunnensa ne kaɗai ke kama hakan. Sai ya zame abin toshewar na hagu ya kara kunne a jikin tanki. Gaskiya bai taɓa ɓata haɗi ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Tanki, kansa ya yi ta kumbura.

Mu a gida muka ɗanɗana kuɗarmu. Rediyo sai an ƙure, sallama sai an yi uku. Mama ta yi faɗa har bakinta ya gaji, ta zuba masa ido. Ni ma na gaji da maimaita magana, ba zan ɓoye ba.

Bana masana'anta ta ce duk wanda ya faɗi gwajin ji zai bar tanki. Ni na raka shi asibiti. Aka zaunar da shi a ɗan ɗaki mai tagar gilashi, aka sa masa abin saurare, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji sauti. Tsoho da wayo, sai ya ƙura wa yatsan likita ido ta tagar, tana motsawa yana dannawa. Ta gane sarai. Ta ja labulen tagar kawai ta ci gaba da kunnen hagu.

Ni da likita muka daɗe muna kallon na'urar gwajin, ko sau ɗaya bai danna ba. Da ta buɗe ƙofa, yana nan zaune ya miƙe baya, babban yatsansa a kan maɓallin.

"'Yata," ya ce mata da ƙarfi, "ni fa a shirye nake. In kin kintsa sai mu fara."