Kwanon Malam Mamuda

Malam Mamuda bai taɓa yarda da aljihunsa ba. Tun yana sabon malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum ya gane cewa albashi ba ya kwana biyu a jikinsa. Ba caca yake yi ba, ko goro bai dame shi ba. Ciwonsa ɗaya ne: bai iya cewa babu alhali akwai ba. Wata na mutuwa dangi za su fara sallama, wannan matarsa ta haihu, wancan jakinsa ya mutu, Malam kuwa sai ya sa hannu a aljihu yana murmushin dole.

Sai ya samo dabara. Ranar da albashi ya fito, kafin labari ya kai gida, zai wuce kasuwar Gummi ko ta Anka, duk wadda ta fi kusa da inda aka tura shi aiki, ya sayi kwanon rufi. In wata ya yi kyau ya ɗauki falle biyu ko uku, in ya yi tsanani falle ɗaya. Mutum zai roƙe ka kuɗi, zai roƙe ka hatsi, har rigar jikinka yana iya yabawa ka tuɓe masa, amma ba a taɓa jin wanda ya yi sallama ya ce a taimaka masa da fallen kwano ba. Abokan aikinsa na zuba adashi, wasu na sayen tumaki, wani shugaban makaranta ya yi ta yi masa wa'azin asusun banki.

"Kuɗɗin banki ana hiddo su," in ji Malam. "Kwano ba shi hita."

Wannan ne tanadinsa na tsufa. Fansho bai sa masa rai ba. In ya zo an gode Allah. Abin da ya sa a gaba shi ne kangon mahaifinsa a Tungar Adama, ƙauyen da aka haife shi a ƙasar Anka. Can zai gina ɗakuna huɗu da zaure, ya yi ritaya, ya shimfiɗa buzunsa. Ya sha faɗa wa matarsa Habsu cewa ba ya son komai a duniya kamar ya kwanta a ɗakinsa ya ji ruwan damina na dukan kwanon da ya saya da guminsa.

Habsu ce ta sha wahalar wannan buri. Duk ɗakin hayar da suka shiga, kwanon ne ke fara samun wuri, a ƙarƙashin gado da jikin bango, su kuma su lallaɓa a abin da ya rage. Har yau akwai tabon yankan kwano a ƙaurinta.

"Malam," ta kan ce, "mutane na kwana ƙarƙashin ruhin ɗakinsu, mu ruhinmu na kwana ƙarƙashinmu."

Dabarar ta yi aiki, har ta wuce inda ya so. Wata shekara ƙanensa Nafi'u, wanda suke ciki ɗaya, ya zo ya durƙusa ya ce a taimaka masa ya haɗa kuɗin babur ya riƙa kabu-kabu. Malam ya nuna masa ƙarƙashin gado. Gaskiya ya faɗa, ba shi da ko sisi, jiya-jiya ya sayo sabbin fallaye. Nafi'u ya dubi kwanon, ya dubi yayansa, ya ce babu komi, ya tashi. Daga nan ya wuce Bagega haƙar zinari, a shekarun da gubar dalma ke kashe yara a wannan yanki. Ɗansa na fari yana cikin waɗanda aka binne. Malam ya je ta'aziyya, ya dawo, wata na gaba ya sayi falle biyu kamar kullum.

Da kwano ya cika sai ya koma tara bulo, sannan katako, sannan ƙofofi. Ginin ya tashi a hankali, hutu bayan hutu. Ranar da kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, rani ne tsakiya, kuma saura shekara biyu Malam ya ajiye aiki. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon rufin na walƙiya a rana har idonsa ya yi ruwa. Ya kulle ƙofa ya koma makaranta, da niyyar dawowa da iyali in damina ta faɗi.

Kafin ta faɗi 'yan bindiga suka shiga Tungar Adama. Suka kora shanu, suka tafi da mutane, suka dawo, suka sake dawowa. Waɗanda suka rage suka kwashe abin da kai zai iya ɗauka suka watse, wasu Anka, wasu Gummi. Malam ya ji labari yana tsaye gaban allo. Ya ce Inna lillahi, ya ƙarasa darasin.

Ya yi ritaya a ɗakin haya. Aka yi masa walima da lemo da cincin, aka ba shi agogon bango. Habsu ta lura ya daina maganar gida kwata-kwata, ba ya fushi, ba ya ƙorafi, in an zuba masa tuwo ya ci, in an manta ba ya tambaya. Ranar kasuwa ƙafarsa kan kai shi rumfar masu kwano ya tsaya yana kallo, har mai rumfar ya gaji da ba shi kujera.

Nafi'u ne ya zo ya same shi. Zinari bai mai da shi attajiri ba, amma ya bar ramin da ransa, ya buɗe shagon kayan babur a Anka, ya sayi fili ya gina.

"Yaya, mi kaka jira nan?" ya ce. "Akwai wuri bayan gidana. Na sa an ɗora ɗaki biyu, ruhin kwano kawai ya rage. Ka taho mu zamna."

Bai ambaci babur ba, ko da wasa. Da ya ambata da Malam ya samu abin da zai riƙe.

"Ni ka sayen kwanon," in ji Nafi'u.

"Ina da kwano," in ji Malam.

Suka yi, suka yi, ya kafe. Lokacin ma mutane sun fara komawa ƙauyukan da aka watse da rana tsaka suna ɓalle rufinsu kafin ɓarayi su riga su. Nafi'u ya samo mai mota mai ƙarfin hali da wani kafinta Abubakar, suka shiga Tungar Adama da hantsi.

Ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gidan. An ɓalle ƙofofi an tafi da su, amma rufin na nan. Malam ya tsaya yana jiran kuka ya zo, don ya san ya kamata ya zo. Bai zo ba. Abin da ya ji kawai ƙishirwa ne. Abubakar ya hau sama da guduma yana zare ƙusoshi, kowace ta fito da ƙara, ana miƙo fallaye Malam na karɓa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya: wannan mai kauri na Gummi ne, shekarar da aka haifi 'yarsa Sahura, waɗannan masu tambarin shuɗi su ne ya nuna wa Nafi'u a ƙarƙashin gado. Nafi'un ne ma ya kama masa ɗaya gefen suka ɗora a mota.

A Anka, kafin ya hau sabon ginin, Abubakar ya ɗaga falle ɗaya sama. Rana ta ɓullo ta hujojin ƙusa a jere.

"Malam, wanga kwano ya sha ƙusa. Hujin da bai hwaɗa kan katakon nan ba, yoyo za shi yi. Ko an liƙe da kwalta ba shi daɗewa."

"Buga shi hakanan," in ji Malam.

Ruwan farko ya zo da la'asar. Malam na kwance a kan tabarma a ɗakin da ƙanensa ya gina, hadari ya haɗo, sai ga shi ya sauko da ƙarfi. Ƙarar ta cika ɗakin, irin wadda ya yi shekaru yana kwatanta wa Habsu, ba ta rage komai ba. Can sai ɗigo ya faɗo kusa da ƙafarsa, wani a kan akwati, wani a kan agogon ritaya. Habsu ta yi ta kai da kawo da bokiti da tasa da tukunyar miya. Ta tsakar gida suka ji muryar Nafi'u yana tambaya ko lahiya, ko su dawo ɗakinsa.

Habsu ta tsaya riƙe da tasa tana kallon mijinta. Ba ta yi masa tsiya ba wannan karon.

"Malam, ka ji shi?"

"Na ji," in ji shi.

Ya janye tabarmarsa kaɗan daga inda ke ɗiga, ya sake kwanciya.