Gunkin Sitti Mai Ƙafar Yumɓu

A saman benen da muke haya a unguwar Bagdadiyya ta Jidda kakarmu ke suyar gyaɗar da take sayarwa a bakin titi. Sitti muke ce mata, yadda yaran Jidda ke kiran kaka. Bayan Magariba takan hura gawayi ta ɗora kaskon rairayi, mu jikoki mu zagaye ta, wasu don labari, wasu don ƙonanniyar gyaɗar da ba za ta sayu ba. Labarin da muka fi roƙo shi ne na sarkin Babila, don shi ba faɗa kawai take yi ba, gina shi take yi.

Sai ta kifa wani tsohon kaskon yumɓu a ƙasa, ta ɗora masa ƙaramin turmin ƙarfe, sai tukunyar tagulla, sai faranti mai ruwan azurfa, can ƙoli kuma butar gahawa mai ruwan zinari. Wannan, in ji ta, shi ne gunkin da Bukhtanasar ya gani a mafarki. Ba ta taɓa ambaton sunan nan ba tare da tsaki ba. "Ku dubi sarki fa," takan ce, "duniya a tafin hannunsa, mafarki ɗaya ya hana shi barci kamar mai ciwon haƙori."

Bokayen fada duk suka yi tsuru-tsuru, sai Annabi Daniyalu, wanda aka kamo daga ƙasarsu, ya fassara masa. Ya ce kan zinarin nan mulkinsa ne. Bayansa wata daula za ta zo wadda ba ta kai shi ba, sai wata, sai ta ƙarfe mai murƙushe kowa, ƙafafunta kuwa ƙarfe ne gauraye da yumɓu. Daga ƙarshe dutsen da ba hannu ya sassaƙa ba zai zo ya rushe komai, iska ta kwashe kamar ƙaiƙayi. Nan Sitti ke miƙa wa ɗayanmu tsakuwa. Kullum butar muke auna, ita ke ƙyalli, kullum kuma sai ta riƙe hannun mai jifa: "Ƙafa, ya binti, 'yata. Dutsen nan ƙafa ya nema."

A shekarun nan ne Kawu Sale, autanta, ya samu aikin direba a wani katafaren gida a Abhur, unguwar attajirai ta bakin teku, mai gidan ya zama kafilinsa, wato wanda takardar zamansa ke hannunsa. Ban taɓa ganin mutum ya kumbura da kayan wani kamar Kawu ba. Ya koma kiran kansa Abu Fahad, ya daina Hausa, in ya buɗe baki sai gidanmu na bakin teku, motocinmu, jirginmu na ruwa. Wata rana ya bi ta gaban tiren Sitti da uwar gidan a mota. Sitti ta ɗaga masa hannu, ya gaya wa matar wai wata tsohuwa ce da yake ba sadaka.

Da yamma ya hawo sama cikin farar jallabiya, yana tattare ta kada toka ta taɓa, ya ce ta daina tallar nan, tana zubar masa da mutunci. Gunkin na tsaye a lokacin. Sitti ba ta ko ɗago kai daga kasko ba, ta tambaye shi a jikin gunkin nan shi ina yake. Ya yi dariya ya ce, "Halas, ya isa haka, Yumma uwata, ki bar tatsuniya. Gidan nan ba ya faɗuwa." Daga ranar ya ɗauke ƙafa, mu kuma muka riƙa jifan kaskon da ƙarfi, kowa ya san wanda yake jifa.

Da na girma na karanta tarihi, sai ga kayan girkin Sitti a jere: Babila, Farisa, Yunan, Rum. Kowacce ta rantse ita ce ta ƙarshe, kowacce yanzu kufai ce da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a kai. Gidan Abhur bai ma jira dutse daga sama ba. Mai gidan ya rasu, magada suka raba, suka sayar, kowa ya kama gabansa da rabonsa. Ba wanda ya tuna da iƙamar direba, wato takardar zamansa. Kawu ya bi ƙofa ƙofa har wa'adinta ya wuce, aka tura shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, da Hausar da ya yi shekaru yana tofarwa.

Sai a lokacin na gane abin da muke gani kullum a saman bene. In gunkin ya zube, butar mirginawa kawai take yi, a ɗauka a goge. Kaskon ne ke tsagewa. Har yau ina raina masu butar, kuma ban gama raina Kawu ba, amma Sitti ba ta sake ganinsa ba har ta rasu, wannan kuwa yana cin raina.

Tun da aka tura Kawu, ba ta ƙara miƙa wa kowa tsakuwa ba. Ranar da wata ƙaramar jika ta jawo kaskon tana roƙon labarin, Sitti ta karɓe shi da hannu biyu.

"Ajiye shi a hankali," ta ce. "Shi ma yana da uwa."