Ɗakin da ke Bayan Motar Baba

Har gobe, in aka rufe ƙofar mota a bakin titinmu, sai na tsai da abin da nake yi na saurara. Ba wani nake jira ba, kunne ne ya saba. Motocin yanzu in an buga ƙofarsu sai ka ji kwas, kamar an taka gwangwanin madara. Ta Baba ba haka take ba. Tata ƙofar ɗim take cewa, da nauyi, kamar an aje turmi a ƙasa mai laima. Ina cikin gida ina tankaɗe, in na ji ɗim ɗin nan na san ya dawo, na san kuma yanzu Inna za ta ce a kai masa ruwa.

Fara ce, doguwa, irin wadda direbobi ke kira ƙirar Kaduna. Ban kai ɗaukar tulu ba aka shigo da ita Anka. Baba yakan ce ita don haya aka ƙera ta tun daga tushe, ba motar wani ba ce da ya gaji da ita aka maida ta tasi. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, bayanta a ɗage kamar raƙumi zai tashi, kujerunta jeri uku. Da ita yake jigila tsakanin Anka da Gummi, ranar kasuwa ya ratsa Bukkuyum, in laka ta yi sauƙi har Gwashi yana kaiwa.

Jerin can ƙurya shi ake ce wa ɗaki. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, shi ya sa zan faɗa muku a hankali. Ɗaki na mata ne. Ba a shigarsa sai an kwantar da kujerar tsakiya, in kuwa aka tada ita, to an rufe ke nan. Inna ta ɗinke wani tsohon zanenta mai ruwan bula, ta zura masa igiya, Baba ya ɗaure shi daga wannan taga zuwa waccan. Shi ne labulen ɗaki.

Baba ba ya ɗaukar mace a tasha. Da hantsi yake bin ƙofar gidaje, matar aure ta fito daga zaure ta faɗa ɗaki, ba wanda ya ga ko dunduniyarta. Sai ɗaki ya cika sannan ya nufi tasha ya yi lodin maza. Maigida in matarsa ta nemi zuwa ganin gida, abu guda yake tambayar Baba: akwai ɗaki? In akwai, ta tafi. In babu, ta jira wata kasuwar, ko da bikin ƙanwarta ne. Ba mu ɗauki wannan ƙunci ba. Da ba don ɗakin nan ba, mata da yawa a unguwarmu da ba su sake ganin iyayensu ba sai a makara.

Kuma Baba na da ido. Madubin nan na gabansa ba hanya kaɗai yake duba masa ba. Akwai ranar da wani mai sayen fata, yana kujerar tsakiya, ya dinga waiwaye duk lokacin da iska ta ɗaga labule. Baba ya ci gaba da tuƙi har muka kai wani fili da ba ko bishiya. Ya taka birki, ya zagayo, ya buɗe masa ƙofa.

“Malam, na ga wuyanka na damunka. Sauka ya huta, ta bayanmu na tahe.”

Mazan suka yi ta ba da haƙuri, Baba ya rufe ƙofa ɗim. A ɗaki kuwa mata suka danne baki da gyale suna shaƙewa da dariya, har wata tsohuwa ta ƙware.

Ni a cinya nake tafiya, yau ta Inna, gobe ta wadda ban sani ba. Da bazara ledar kujera kan ɗau zafi har sai an shimfiɗa buhu. Da damina laka ta rufe tagar baya, ɗaki ya yi duhu-duhu, ƙanshin ƙasa ya gauraya da na hoce, gurasar dawan nan, da na man shanun da ke kitson Fulani masu nono. A nan na ji maganganun da ba a yi a tsakar gida: wadda cikinta ya zube ba ta gaya wa kowa ba, wadda ta sai da tunkiya a ɓoye don ta yi wa uwarta magani. Inna ta ja kunnena tun ran farko, ta ce abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake sauka. Ban taɓa fitar da ko guda da sunan mai shi ba, kuma ba yau zan fara ba.

A ɗakin nan aka kai Yaya gidan miji a Gummi. Ita ke goya ni, ita ke yi mini kitso, kuma mijin nata ita ta zaɓe shi, don haka kukanta na amarci bai kai bakin gari ba ya ƙare. Nawa ne ya ƙi tsayawa. Ta jawo ni ƙarƙashin lulluɓinta ta ce in daina ɓata mata lalle da majina, ai Gummi ba lahira ba ce, duk ran da na ji kewarta in shiga ɗaki in zo. Haka kuwa aka yi. Ina budurwa na je, da goyo na je, da furfura ma na je.

Baba bai bar ɗa namiji mai son sitiyari ba, sai ɗana na fari, wanda ya koya a hannunsa. Da Baba ya rasu 'yan'uwa suka bar masa motar. Ya riƙe ta da kyau, ban ce bai riƙe ba. Amma a zamaninsa ne 'yan Kwatano suka cika tasha, ƙananan motocin nan da aka gama yayinsu a wata ƙasa aka turo mana. Ƙirar Kaduna kuwa aka daina ganin sabuwa. Wanda tasa ta mutu ba ya neman irinta, sai ya sayi 'yar Kwatano.

Na sha jin gardamarsu a zaurenmu, don katangar ba ta da kauri kuma kunnena lafiya lau. Tsofaffin direbobi suna cewa 'yar Kwatano an yi ta ne don Bature da matarsa da karensu, cikinta na shafar ƙasa, damina guda ta ishe ta, alhali ƙirar Kaduna ko a daji ta tsaya da waya da guduma za ka tada ita. Yaran kuma suna cewa ƙarfin banza ne, tana shan mai kamar rijiya, kayan gyaranta sai an bi gari-gari, kafin ta cika 'yar Kwatano ta je ta dawo. Wani ya ce yanzu hanya ba lafiya, motar da ke juyawa da sauri ake so, ba wadda sai ta yi shawara ba. Sai ran nan na ji ɗana ya ce fasinjan yanzu ba mutunci yake saye ba, sauri yake saye. Ban shiga maganar maza ba. Tuwonsa dai ya same shi da sanyi a ranar.

Daga baya ɗana ya ɗora motar kan duwatsu a bayan gida, ya koma kabu-kabu da mashin ɗin wani, yana kai masu haƙar zinariya ramukansu. Kaji suka maida ƙarƙashinta wurin ƙwai. A bara, gero na fidda kai, ya zo ya durƙusa ya ce ya yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo su yanka ta, ya haɗa ya sayi mashin na kansa. Na ce motarsa ce.

A satin nan aka bugo waya daga Gummi. Yaya na kwance, idonta ya tafi, kuma sunana take kira.

Na yafa mayafi na nufi tasha, wurin da ban taɓa tsayawa neman mota ba. Na sami wani direba, sa'ar jikana, yana jingine da motarsa, na gaishe shi na ce, akwai ɗaki? Ya dube ni sama da ƙasa.

“Inna, nan tasha ce. In masauki kika nema, sai ki bi bayan kasuwa inda baƙin zinariya ka kwana.”

Na kusa da shi suka yi dariya. Ba rashin kunya ya yi mini ba, Allah ya sani, bai san kalmar ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na tsaya na ga yadda suke lodi: an cusa mutane a baya kamar buhunan gawayi, an haɗa biyu a gaba, wata mai jego an matse ta tsakanin ƙarti, cinya na gugar cinya, tana ta jan hijabi ba inda zai je. Na juyo gida.

Ɗana ya ce ya kai ni a mashin. Na ce ban raba ƙafa a bayan namiji da ƙuruciya ba, ba zan fara da tsufa ba, ko da ni na haife shi. Ya ce to ya zan yi, Yaya ba za ta jira ba. Ni dai ban roƙe shi komi ba.

Da gari ya waye na kori kaji, na share ɗaki, na goge kujera. Na ciro labulen Inna daga ƙasan akwati na ɗaure shi inda Baba ke ɗaurewa. Na ɗauko ƙunshina da 'yar furar da na dama wa Yaya, na shiga na zauna, a motar da ba ta da taya ko guda. Matar ɗana ta leƙo ta koma. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rana ta ɗaga, zufa na bin bayana, ban motsa ba.

Da ɗana ya dawo ya tsaya a bakin taga ya daɗe. Ya ce, “Inna, so kike gari ya zage ni.” Na ce ni ban kira gari ba, ɗaki na shiga. Ya cire hula ya share fuska, ya fita. Sai ga shi da wani tsohon bakanike da ke yi wa Baba gyara, da aron batir, da tayoyin da ba biyu masu kama da juna. Tsohon yana kwance ƙarƙashinta yana mita, wai an bar sarauniya kaji na yi mata kashi. Washegari aka tura ta, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama.

A hankali muka tafi, mashina da 'yan Kwatano na wuce mu suna yi mana oda. Ni kaɗai a ɗaki. Gero ya yi kore shar dama da hagu, ƙanshin laka na shigowa ta ramin da tsatsa ta ci a ƙasa. Na lura ɗana yana duban madubi kamar kakansa, alhali ba wanda zai waiwaya.

Ɗakin Yaya yana jikin katangar waje. Da muka tsaya, ya kwantar mini da kujera na fito, ya maida ƙofa, ɗim. Ina shiga na tarar ta ɗaga kai daga matashi, idon nan fari fat yana neman bakin ƙofa.

“Wagga ƙofar Baba ce,” ta ce. “Auta ta shigo ɗaki ta zo.”

Na kwana uku wurinta, na yi mata kitso, na biya bashin goyo gwargwadon abin da ya samu.

Muna dawowa Anka 'yan gwangwan suka zo. Ban hana ba, yaro na da iyali. Na dai kwance labulena kafin su sa guduma, na shige ƙuryar ɗakina don kada in ji.

Yaya ta rasu da kaka, ana yankan gero. Wannan karon ba abin da zan shiga in zauna a ciki. Na je tasha, ban tambayi kowa komi ba. Aka cusa ni a bayan 'yar Kwatano, taga a dama, wani baƙo mai ƙurar dutse a wando a hagu. Na ciro zanen Inna daga ƙunshi, na ninke shi, na soka shi tsakanin cinyata da tasa. Ya dube ni, ya dubi zanen, ya ɗan matsa iyakar abin da wuri ya bari. Iyakar ɗakin da ya rage mini ke nan, kuma a cikinsa na kai Gummi.