Baba Mai Washi da Yankan da ke Jikin Bel

An ɗaure mahauci shekara goma sha ɗaya kan kisan wani mai gadin sito, kisan da bai yi ba, don kawai wani mai kaki ya leƙa gawa ya ce, "Wuƙar mahauta ce." Iyakar binciken ke nan.

Wanda ya tona wannan ƙarya ko benci ba shi da shi, balle ofis. Baba Mai Washi ne, da ke zama bayan rumfar masu kifi, dutse tsakanin ƙafafu, gwangwanin ruwa a gefe, yana gwada kaifi a farce. Shekara arba'in duk wuƙar kasuwa ta hannunsa take bi. Makon nan ya ajiye dutsen, ido ya ƙi.

Ranar da aka tsinci mai gadin sito a mace, Baba ya ga inda wuƙar ta ratsa bel ɗin mamacin. Da ƙafarsa ya je caji ofis.

"Ranka ya daɗe, wuƙar mahauci gefe biyu ake wasa ta, miƙe take shiga. Wannan yanka a karkace yake. Gefe ɗaya aka wasa, irin ta masu ɗinkin takalma."

"Baba, aji nawa ka gama?"

"Ajin da ya cinye mini yatsu."

'Yan sandan suka kwashe da dariya, suka nuna masa ƙofa. Sau tara yana komawa. Masu takalma suka daina kawo masa aiki, wai ya shafa musu kashin kaji. Ko gezau.

Sai da wata lauya ta saurare shi, aka zaƙulo bel ɗin daga ɗakin ajiyar kotu. A gaban alƙali Baba ya yanka fata da wuƙaƙen biyu, ya jera kusa da bel. Ko makaho ya shafa ya san wacce ce. Da aka bi sawu, mai takalman da ya yi ɓarnar tuni ya mutu a kan katifarsa, ana ta yabonsa.

Kai ne, Baba, dutse mai cin ƙarfe. Kai ne ka san abu, ka ƙi haɗiye shi. Mun gode, Allah ya biya ka. Ku kuma masu gani ku kau da kai, ku ji kunya, ku buɗe baki tun da sauran amfani.

Mahaucin ya fito bara, ko albasa ba ya iya yankawa. Mahaifiyarsa tun a shekara ta shida aka binne ta, ba a bar shi ya je jana'iza ba.