Daɓe Ba Shi da Ƙafa

Yayana Sale ya dage sai an raba tsakar gidanmu na Wurno da katanga, kowa ya san nasa. Amincewata kawai ake jira. Ana cikin haka 'yata Bilki, mai karatun zane, ta kawo mini aikinta. Tsakar gidan ta zana, amma turmi ya fi ɗaki girma, mata dogaye kamar karan dawa, kuma babu mai ido balle hanci. Na ce, "Ke, wannan wace irin kwamacala ce?" Da idona ya kai kan murhu kuwa, sai Inna Kande ta faɗo mini a rai.

Kakarmu ce. Lokacin sanyi, da an idar da isha, mukan zagaye murhunta tana gasa mana gyaɗa a toka. Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, har mukan ce, "Inna, wannan dai kuma?" Sai ta ce, "To ku tashi mana, wa ya riƙe ku?" Ba mai motsi.

Wai wata mata ce ta gayyaci maƙwabta daɓe. Suka zuba tsakuwa, suka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suka yi ta bugu suna waƙa har ya yi sumul. Da ta ga kyansa sai ta hana a taka. Turmi waje, kaji waje, yara kuwa ko leƙe. Mai zuwa ɗiban wuta sai ta tsaya a zaure a miƙo mata. Sannu a hankali aka daina zuwa. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da ita, wutarta ta mutu, ta yi ta kira. A nan Inna takan dakata ta tura itace. "Daɓe ya ji ta sarai," in ji ta, "amma daɓe ba shi da ƙafa."

Dariya muke yi. Ni na ɗauka gori take wa masu tsabtar tsiya. Sai da furfura ta fito mini na gane tsoro take ji, kada wata rana gidan nan ya zama kowa da ƙofarsa. Wallahi tsoron ya kama ni nima.

Na ɗauki zanen na kai wa Yaya Sale. Ya yamutsa fuska. "Mutane ba fuska? Wannan ne karatun?" Can sai ya matso, ya ɗora yatsa kan wata mai daka. "Wannan Ladi ce. Ita ke cilla taɓarya sama ta tafa. Ga matarka nan, turmi ɗaya."

Ladi matarsa ce, bara ta rasu.

Na ce, "Yaya, ta tsakaninsu katangar za ta bi."

Ya jawo zanen gabansa. Daga baya ya ce, "Bar mini shi nan."

Da magini ya zo awo, Yaya ya ce masa ya tafi, za a neme shi. Har yau ba a neme shi ba.